Turmin Kogon Kuka da Motar Yaya Lawali

Ba zan iya cewa ga shekarar da aka fara ba, domin tun da na yi wayo na tarar ana yi. Abin da na riƙe shi ne, da zarar an gama kai hatsi rumbu, sanyi ya fara tasowa daga wajen tabki, sai Kaka ta sa a tara mata karan dawa a ƙofar ɗakinta. Gidanmu yana can gefen gari a Madarunfa, bayanmu gonaki ne, saboda haka duhu yakan fara sauka a kanmu kafin ya shiga cikin gari. Ana idar da sallar magariba, a ci tuwo, sai ta hura wuta, ta jawo ƙwaryar gyaɗa ta ajiye a tsakiya. Ba a jin tatsuniyar Kaka hannu sake. Kowa da ɗan tarin gyaɗar da zai ɓare, wanda kuma aka kama yana kai wa baki fiye da yadda yake zubawa a ƙwarya, shi zai je bayan ɗaki ya ƙaro kara, shi kaɗai.

Ni ban taɓa cin ko ƙwara ɗaya ba. Ba kirki ya hana ni ba, bayan ɗakin nan ne.

Mu biyar ne ko shida, in ban manta ba, amma wanda labarin nan ya shafa shi ne Yaya Lawali, babban wanmu. Yakan zauna nesa da wuta, wai shi ya wuce tatsuniya, amma ba ya tashi sai an ƙare. Ni kuwa wurina ɗaya ne, jikin gwiwar Kaka ta hagu, inda zan riƙe gefen zanenta ba wanda ya gani. Ita dai tana ji. Takan ce, "Angona, saki zanen ga mana. Kai ne za ka tsare ni in kura ta shigo?" Kowa ya yi dariya, ni kuma in ƙara damƙewa.

Tana da yadda take buɗe baki. Sai ta dubi duhu ta ce, "Ta iso, tana ƙofa." Mu kuma mu amsa, "A shimfiɗa mata tabarma." Tatsuniyoyinta suna da yawa, wasu na manta, wasu na haɗa kan wannan da wutsiyar waccan. Ɗaya ce ba ta taɓa ruɗe mini ba, wataƙila don ita ta fi hana ni barci.

An yi wata shekara, in ji ta, da sama ta riƙe ruwanta har rumbuna suka koma gidan ɓera. A wani ƙauye akwai wata mata da 'ya'yanta mata biyu, Hajo da Tani. Hajo ce babba, ga ƙarfi, ga saurin hannu, ba a gama yi mata bayani ta riga ta tashi. Tani kuwa ko inuwarta ta motsa sai ta waiwaya. Uwarsu ta kwanta don yunwa, ba ta iya tashi.

Cikin dajin da ke hanyar Gabi akwai wata kuka mai kogo. A cikin kogon akwai turmi cike da gero, kuma geron ba ya ƙarewa. Akwai taɓarya ta ƙarfe tana daka dare da rana, ba a ganin mai riƙe da ita. Ba a hana kowa ɗiba. Abin kawai shi ne bakin turmin ƙarami ne, hanyar da taɓarya ke shiga ita ce hanyar da hannu zai shiga.

A nan Kaka takan dunƙule hannu ta fara dukan ƙasa a hankali. Dum. Ta yi shiru. Dum. Har yau in na ji ana daka daga nesa da yamma, sai in tsaya in saurara.

Hajo ta je. Ta tsaya bakin kogo ta saurari saukar taɓarya sau uku, ta ce ta gane. Ta zura hannu ta ɗebo, ta fito lafiya. Ta sake, ta fito lafiya. Ta yi dariya ta ce ashe abin da ake tsoro ke nan. Ta zura na uku.

Kaka sai ta tafa hannu da ƙarfi, mu duka mu zabura.

"Taɓarya ta tsaya?" wani zai tambaya, ko da yake duk mun san amsar.

"Ina. Ta ci gaba da dakanta. Gero dai ya yi ja."

Da Hajo ba ta dawo ba, dole Tani ta tashi, tana kuka tana tafiya. A hanya ta karyo kara guda biyu. Ta zauna bakin kogo, ba ta sa hannu ba, ta zura kara. Taɓarya ta sauka ta tashi, ta zura ta zare, kara lafiya. Haka har sau shida. A na bakwai sai taɓarya ta sauka sau biyu a jere, dum-dum, kara ya yi raga-raga. Ba ta yarda da gani ɗaya ba. Ta ɗauki kara na biyu ta sake ƙirgawa tun daga farko, a na bakwai ya sake farfashewa. Zagaye biyu ke nan. Sa'an nan ta yi bisimilla ta sa hannunta. Ta cika ƙwaryarta, amma da yake hannun yana rawa, a ɗiba ta ƙarshe taɓarya ta shafi ƙaramin yatsanta ta cire farce. Ta dawo gida da gero da yatsa a ɗaure, uwarta ta sha kunu ta tashi.

"Nan ta tsaya," in ji Kaka, "ta naɗe tabarmarta."

Bayan haka akwai wasa. Takan ajiye ƙwarar gyaɗa a ƙasa, ta riƙa dukan wurin da dunƙulen hannu, wai mai ƙarfin hali ya ɗauke. Yaya Lawali, wanda ya ce ya wuce tatsuniya, shi ne na farkon zuwa. Ta sha dukan yatsunsa, yana yarfe hannu yana dariya yana sake komawa. Ni ban taɓa gwadawa ba ko sau ɗaya. Wata rana na tambaye ta a hankali, don kada a ji, ko mai riƙe taɓaryar nan mugu ne.

Ta ce, "Ba mugu ba ne, angona. Aikinsa yake yi. Bai ma san kana nan ba."

Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Da mugu ne, da ana iya roƙonsa.

Kaka ta rasu ina kwaleji. Yaya Lawali ya bar makaranta da wuri ya koyi tuƙi, daga baya ya sami wata tsohuwar mota yana ɗaukar fasinja tsakanin Madarunfa, Maraɗi da Ɗan Issa. Motar nan ita ta ciyar da gidanmu, ita ta kai ni jami'a, ita ce kuma har yau take cika tukunyar mutum goma sha ɗaya. Ni da na gama na dawo ina koyarwa a wata makaranta kusa da gida, abin da nake samu ba ya riƙe ko rabin gidan. Yaya yana kirana Mushe, wato malam da Faransanci, kamar yadda 'yan makaranta ke yi, rabi girmamawa rabi tsokana.

Bara waccan, bayan girbi, ya faɗi a babur ya karye a cinya. Maɗori ya ɗaure shi ya ce kada ya taka ƙasa sai bayan wata biyu. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, inda yake hango motar a ƙofar gida. Wani abokinsa ya yarda zai riƙa tuƙa ta kafin ya warke, amma ya ce ba zai hau ta ba sai an canza igiyar inji.

Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a lokacin, a gaban inji akwai wata igiyar roba mai haƙora. Makanikan wajenmu suna ce mata kuruwa, na tsallaken iyaka su ce taimin bel. Ita ke haɗa gargaren ƙasa, mai ɗaga fistan, da gargaren sama, mai buɗe bawul. A irin injin Yaya, fistan da bawul wuri ɗaya suke ziyarta, sai dai ba lokaci ɗaya ba. Igiyar ce ke sa in wannan ya zo, wancan ya riga ya kauce. In ta tsinke, ko aka ɗora ta a karkace, sai su yi karo, inji ya tashi daga aiki. Ta motarmu ta tsattsage kamar diddigen manomi. Yaya ya riga ya sayo sabuwa a Ɗan Issa kafin ya faɗi, amma bakaniken da ya saba da motar ya tafi ci-rani, tuƙa ta zuwa garejin Maraɗi kuwa da wannan igiyar ba wanda ya yarda ya ɗauki alhakinsa.

"Mushe, kai za ka yi," in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, ilimin ƙasa na karanta fa. Duwatsu da ruwan sama."

"To ai ƙarfe ma daga dutse ake samo shi. Ba kana jin Faransanci ba? Duba a wayarka. Ni da ƙafata lafiya ma ban iya karanta abin da suke rubutawa."

Kwana huɗu ina kallon bidiyo. Na cika rabin littafi da zane da jerin matakai, na ja layi biyu ƙarƙashin duk wurin da aka ce a kula. Duk da haka ban ce na iya ba, har yanzu ma ba na cewa. Ranar Asabar da hantsi na ari kayan aiki na buɗe gaban motar. Na juya inji har alamar gargaren sama ta tsaya daidai da tsagin da ke jikin ƙarfe, ta ƙasa ma haka. Na ɗauko allin aji na ƙara nawa alamun, manya, har wuri uku. Don in kwance babbar ƙusar gargaren ƙasa, sai da na sa motar cikin bitas, wato giya, mafi girma, na tokare tayoyi da duwatsu don kada injin ya juya. Ƙusar ta kwance. Na sake duba alamuna, na sassauta abin da ke ɗaure igiyar, na zare tsohuwar. Tana fita aka kira azahar.

Na tsaya ina shawara. Ban so barin ta a buɗe ba. Amma masallaci kusa yake, Yaya kuma na gan shi kwance ya rufe fuska da hula, na ce barci yake. Na wanke hannu na tafi. Abin da ban yi ba, kuma ba ya cikin littafina don ba wani Bature da ya taɓa tunaninsa, shi ne in gaya wa mutanen unguwa kada su taimake ni.

Da na dawo na tarar an kafa zana a kan sanduna biyu ta yi wa gaban motar inuwa. Maƙwabcinmu Baba Tanimu yana tsaye yana murmushi. Duwatsun da na tokare tayoyi suna gefe, an jera su tsaf.

"Malam Isuhu, sannu da aiki," ya ce. "Mun ga rana ta juyo kanka, muka ce mu tura maka ita ƙarƙashin bishiyar bedi. To motar taku taurin kai gare ta kamar mai ita. Ta matsa kamar kamu ɗaya ta cije. Mu huɗu muka sake danna ta, ta ƙi. Shi ne muka kawo maka zana."

Ban san abin da na amsa ba. Ina jin na ce na gode. Na leƙa cikin injin, alamar sama tana nan inda na bar ta, ta ƙasa kuwa ta ɓace, sai da na kwanta a ƙasa na hango ta can ta ɗaya gefen. Motar tana cikin bitas, saboda haka tayoyi sun juya fistan, bawul kuma suna tsaye ba igiyar da za ta kautar da su. Abin da ya cije ɗin nan, ko iskar da ke matse cikin inji ce, ko kuwa fistan ne ya tokari bawul, maza huɗu suna danna shi. Daga waje ba a ganewa. In bawul ya lanƙwashe, ba za a sani ba sai an kunna.

Na miƙe. Na dubi zaure, hular tana nan a kan fuskar Yaya. Na ƙudura ba zan gaya masa ba, aƙalla ba yanzu ba. Mutum yana kwance da karaya, in je in ce masa wataƙila na kashe abin da ke ciyar da 'ya'yansa, don na manta fitar da mota daga bitas.

Na fitar da ita. Na cire buji huɗun, wato fulogi, don injin ya yi sauƙin juyawa. Na sa kile, wato sifana, a gargaren ƙasa na mayar da shi baya ta hanyar da ya zo, kaɗan-kaɗan, ina saurare kamar mai bin sawun maciji a ɗaki. Ba abin da ya taɓa wani. Alama ta dawo wurinta. Na ɗora sabuwar igiya, na ɗaure ta. Littafina ya ce kada a taɓa makulli sai an juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a ga alamun sun dawo daidai. Ina cikin juyawa, ina ƙirgawa da baki, sai na ji muryar Kaka sarai kamar tana bayana: dum, shiru, dum. Ba na cewa ta san mota. Ban tabbata ta shiga mota sau goma a rayuwarta ba. Amma kilen da ke hannuna shi ne karan Tani, wannan kam ba na shakka.

A ƙarshen zagaye na biyu alamar sama ta wuce tsaginta da haƙori ɗaya.

Baba Tanimu ya leƙo. "Wannan ɗan abin? Ai ko ido bai gani. Kunna ta mu ji."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri." Na kwance, na sake ɗorawa, wannan karon na ja gefen da ya kamata ya miƙe sosai kafin in ɗaure. Na juya zagaye biyu. Alamun duka suka tsaya cif. Na mayar da buji, na rufe murfi, sai kuma na sake buɗewa, na sake cire buji, na juya wasu biyu. Daidai. Na ƙara biyu. Aka yi la'asar, ban je masallaci ba, a gefen motar na yi. Mutane sun taru, masu shawara sun yi sun gaji, rana ta yi ja, ni ina ta juya inji da kile. Na san juyawar ba za ta gaya mini komai game da bawul ba. Ina yi ne kawai don muddin ina juyawa, motar ba ta mutu ba tukuna.

"Mushe." Muryar Yaya ce daga zaure. "Zo nan."

Na je na durƙusa. Ya dube ni, ya kawar da kai wajen bango.

"Zagaye nawa ka yi?"

"Ban ƙirga ba, Yaya."

"Ni na ƙirga. Goma sha biyu. Ba barci nake ba ɗazu. Ni na kira su Baba Tanimu na ce su tura ta. Na ga wuyanka ya yi baƙi da rana, na ce yaron ga alli ya saba riƙewa. Sai da na ji ta cije na tuna ka sa ta bitas. Tun sa'an nan nake ƙarƙashin hular nan, na rasa bakin gaya maka."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"In ta lalace, ni na lalata ta. Ka ji? Je ka kunna. Gara in sani yau."

Na mayar da komai wurinsa. Na shiga na zauna, na zura makulli. Na yi bisimilla na murɗa. Ta yi tari sau biyu, ta girgiza har madubi ya kaɗa. Sai ta kama. Ta yi gurnani, ta sauko, ta zauna a kan sautinta ɗaya, ba tsalle ba ƙara. Na daɗe zaune ban saki sitiyari ba. Baba Tanimu yana gaya wa mutane ai tun farko ya san ba abin da ya same ta.

Shekaru da yawa na ɗauki tatsuniyar nan a matsayin shaidata. Duk lokacin da aka ce na cika tsoro, a raina nakan ce Tani ce ta dawo gida, ba Hajo ba. Ina ganin ban yi kuskure gaba ɗaya ba, domin haƙorin nan ɗaya da na kama, tsoro ne ya nuna mini shi. Amma na riƙe rabin labarin ne na saki rabi. Kara biyu Tani ta karyo, ba dami ba. Da suka ƙare ta sa hannunta, yana rawa, don akwai mai jiran kunu a gida. Wannan wurin ne kunnena ya riƙa tsallakewa tun ina jikin gwiwar Kaka, kuma ina zaton ta lura, ta dai bar ni ne in girma.

Yaya ya warke, ya koma hanya, yana ɗan ɗingishi. In sanyi ya sauka, ya tayar da motar da safe, ina jin wani ɗan ƙaramin sauti daga saman injin, kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya da farce, sai ta ɗumama ya ɓace. Ban sani ba ko tun da can yana nan, ko daga ranar nan ne. Yaya ya ce shi ba ya jin komai, wai kunnen 'yan boko ne. Ni ina ji. Nakan tsaya a ƙofar zaure da littattafan 'yan makaranta a hannu har sautin ya ɗauke, sa'an nan in ce masa Allah ya kiyaye hanya, in bar shi ya tafi.